Takardar Koke Kan Rashin Shugaba Guda Mai Alhakin Birnin Sakkwato

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar III, ta hannun Uban Ƙasarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Mai Alfarma lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da girmamawa, mu masu unguwanni, limamai da 'yan kasuwa na wani yanki na birnin nan muna kawo kukanmu kan abu guda: Sakkwato babban birnin jiha ne tun 1967, amma babu wani ofishi ɗaya da alhakin birnin gaba ɗayansa ya rataya a wuyansa. Gari ya bunƙasa, ya cika ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya malala zuwa Wamakko, Dange-Shuni da Kware, kowace da shugabanta da iyakarta.

Ranka ya daɗe, babbar magudanar ruwan unguwarmu ta faɗo daidai kan iyakar ƙananan hukumomi biyu. A daminar bana ledoji da yashi suka toshe ta, ruwa ya shiga zauruka, har yara ke bi ta kan katako zuwa makarantar allo. Muka je ofishi ɗaya aka ce ba huruminsu ba ne, muka je ɗayan aka ce daga can ruwan ke gangarowa. Matasanmu ne suka yashe ta da shebur da baro.

Mun san tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, gyaran magudanai, kula da kasuwanni da tashoshin mota, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a biya su kuɗinsu kai tsaye. Ba mu neman a ƙwace musu komai. Sai dai ruwan sama bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Abuja na da ƙananan hukumomi shida, amma akwai minista a samansu wanda Shugaban Ƙasa ke naɗawa. Illar kuwa ita ce mazauna ba su da ƙuri'ar cire shi. Landan kuma tun 2000 jama'a ke zaɓen magajin gari mai kula da sufuri da tsara birni, gundumomi na riƙe da ayyukansu. Wannan na biyun ya fi kwanta mana a rai.

Don haka muna roƙon Mai Alfarma ya isar da kukanmu ga Gwamna da Majalisar Dokokin Jiha, a yi dokar kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙananan hukumomin birnin, mai shugaba guda, a fayyace ikonsa kan magudanai, shara da manyan tituna, a ƙayyade wa'adinsa, a kuma wajabta masa bayyana kasafinsa ga jama'a kowace shekara. Muna kuma roƙon a saurari hakimai da masu unguwanni kafin a rubuta dokar.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, amin.

Mu ne talakawanka, waɗanda sa hannunsu ke haɗe da wannan takarda.