Wasiƙa zuwa ga aminina a kan Vince Young da tsararrakinsa

Columbus, Jihar Ohio

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya ƙarfin jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙo kai.

Saƙonka na murya ya iso, kuma na ga amsarsa ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce babban ɗanka ya tono tsofaffin wasannin ƙwallon Amurka na jami'o'i a YouTube, ya tambaye ka ina 'yan kwatabak ɗin zamaninmu, wato masu jagorantar hari da jefa ƙwallo, suka shige, kai kuma ka ce masa duk wutar kara ce, sun ci bal-bal sun mutu, tunda ba su yi abin kirki a NFL, gasar ƙwararru, ba. Haba mutumina! Kai da bakinka? Wannan hukunci ban yarda da shi ba, kuma ba zan bari ka lalata wa yaro tarihi ba.

Mu fara da wanda ya zo har gida ya ba mu kashi. Watan Satumba na 2005, wasan dare, Texas ta zo Columbus. Ka tuna yadda garin ya yi, ko'ina ja, tun hantsi ana gashin nama a wuraren ajiye motoci. Ohio State na kan gaba har wasa ya kusa tashi, sai Vince Young ya ɗaga ƙwallo ya aika wa Limas Sweed can kusurwar gidan ci, aka tashi 25 da 22. Kocinmu Jim Tressel ya yi ta sauya kwatabak a daren, ya sa Justin Zwick ya cire, ya sa Troy Smith ya cire, su kuwa Texas mutum ɗaya gare su, kuma ya ishe su.

Amma wasan da nake so ka zaunar da yaron ya kalla daga farko har ƙarshe shi ne na Rose Bowl, ranar 4 ga Janairun 2006. Ba gutsattsarin minti biyar ba, dukkansa. USC, Jami'ar Kudancin California da ta kara da Texas, ta shigo filin nan na Pasadena ta ci wasa 34 a jere. Tana da masu kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, har biyu, Matt Leinart na 2004 da Reggie Bush na 2005, kuma Young ne ya zo na biyu a bayan Bush, abin da kowa ya ga ya ɓata masa rai. Masu sharhi tun kafin a buga sun gama naɗa wa USC rawani, har ana gwada ta da manyan ƙungiyoyin tarihi. Saura minti shida da 'yan daƙiƙu USC na da 38, Texas na da 26. Young ya ja su suka rage. Sai kocin USC Pete Carroll ya yi kasadar da har yau ake gardama a kai: dama ta huɗu, wato ta ƙarshe kafin ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya, yadi biyu ake nema, maimakon ya harba ƙwallo nesa sai ya ba LenDale White ya kutsa, Bush kuwa yana tsaye a gefen fili. Aka tare White. Daga nan sauran labarin na Young ne. Dama ta huɗu, yadi biyar ake nema, in an rasa an rasa kofi, ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, ya kwasa da ƙafa ta hannun dama ya tsallaka layi saura daƙiƙa 19. Aka tashi 41 da 38. A daren ya jefa ƙwallo 40, guda 30 sun isa hannu, yadi 267 ta sama, yadi 200 cif a ƙafa. Abin da ya fi ba ni mamaki idan na sake kallo shi ne gudunsa. Dogo ne, yana taku kamar ba ya sauri, amma masu tsaron baya sai kamo iska suke yi. Leinart ma ya yi rawar gani, ya jefa yadi 365, sai dai dare ba nasa ba ne.

To wannan ne wutar kara? A wurina ba a yi kwatabak kamarsa ba a waɗannan shekaru goma, kuma na san za ka ce Tebow, domin tun muna ɗaki ɗaya kake wannan rigima.

Ban raina Tim Tebow ba. A 2007 ya ci sau 32 da jifa, sau 23 da ƙafa, ya zama ɗan aji biyu na farko da ya ɗauki Heisman. Kofin ƙasa biyu ya gani a Florida, na 2006 yana mataimakin Chris Leak, na 2008 yana jan ragama. Bayan Ole Miss ta doke su 31 da 30 ya fito gaban 'yan jarida ya yi alkawarin nan nasa, ba su sake faɗuwa ba har suka doke Oklahoma 24 da 14, jami'ar ma ta sassaƙa kalmomin a jikin bango. Kai kana sonsa ne saboda riƙon addininsa, ɗan masu wa'azin Kirista da aka haifa a Filifins, yana rubuta lambar ayar Littafi Mai Tsarki a baƙin da suke shafawa ƙarƙashin ido har hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hana rubutu a wurin a 2010. Ka sha cewa yaron da bai ji kunyar addininsa a gaban duniya ba ya cancanci girmamawa, kuma ban musa ba. Amma Tebow yana cikin rundunar da kocinsa Urban Meyer ya tara, ga Percy Harvin, ga masu tsaron baya kamar bango. Young kuwa akwai lokutan da kowa a filin ya san shi zai riƙe ƙwallon, aka kuma rasa yadda za a yi da shi.

Na san ba ka son a taɓo Janairun 2007, amma dole. Troy Smith, kwatabak ɗinmu na Ohio State, ya yi kaka mai kyau a 2006. Azumi ma ya faɗo tsakiyarta, muna kallo da ƙishirwa, sai magariba mu nufi gidan abincin Somaliyawa. Ranar 18 ga Nuwamba na ɗaya ya haɗu da na biyu, mu da Michigan, kwana ɗaya bayan rasuwar tsohon kocinsu Bo Schembechler, mutum sama da dubu 105 a fili. Smith ya ci sau huɗu da jifa, aka tashi 42 da 39, ya ɗauki Heisman ba tare da wata hamayya ba. Sai aka zauna kwana 51 ba wasa, ana ta yawon karɓar kyaututtuka da cin liyafa. A wasan kofin ƙasa da Florida a Glendale, Ted Ginn namu ya ɗauki bugun farko ya kai gida, abokansa suka danne shi wajen murna ya ji ciwo a ƙafa, bai dawo ba. Daga nan Florida ta yi mana kaca-kaca, 41 da 14. Smith ya jefa 14, huɗu kacal suka shiga hannu. Da zaɓen 'yan wasa na NFL ya zo sai a zagaye na biyar Baltimore ta ɗauke shi, ana cewa gajere ne. Duk da haka je ka unguwarsu ta Glenville a Cleveland ka ce Troy Smith ba kowa ba ne, ka ga yadda za a dube ka.

Inda nake ganin ka karkace shi ne wurin ma'auni. Wasan jami'a da na NFL suna ɗaya ne kawai. A jami'a, cikin mutum goma sha ɗaya da ke tsaron baya wataƙila biyu ko uku ne za su zama ƙwararru, sauran za su gama karatu su kama aikin ofis. Koci mai wayo sai ya baza 'yan wasansa faɗin fili, ya bar mutum ɗaya na abokan hamayya ba a tare shi ba, kwatabak ya zuba masa ido: in ya bi mai gudu, kwatabak ya riƙe ƙwallo ya arce, in ya tsaya, ya miƙa. Da wannan dabara Pat White na West Virginia ya tara yadi 4,480 a ƙafa, ya ci wasan ƙarshen kaka sau huɗu a jere. A NFL kuwa kowane mai tsaron baya zakaran jami'arsa ne, ƙofar da za ka jefa ƙwallo 'yar ƙarama ce, kafin ka ƙifta ido ta rufe. Tebow bahago ne, kuma yana saukar da hannu ƙasa kafin ya jefa, wannan ɗan jinkiri bai dame shi a Florida ba, amma a Denver ko rabin jifansa ba ya isa hannu. Kocin NFL na wancan lokaci kuma ba ya sauya tsari don ɗan wasa, kai za ka sauya ko ka kama gabanka. Young ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan gaba a 2006 a Tennessee, ya ci wasanni fiye da waɗanda ya faɗi, amma shi da kocinsa Jeff Fisher ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, aka rabu baram-baram bayan kakar 2010. Sai daga baya NFL ta sauko ta koyi darasi. Cam Newton, wanda ya taɓa zaman benci a bayan Tebow, ya zama gwarzon NFL a 2015, Lamar Jackson kuma a 2019 da 2023, duk da irin wasan da aka ce ba zai yi aiki ba. Ina ganin da Young ya zo bayan shekara goma, da wani labarin ake yi.

Ka juya abin ta ɗaya gefen. Aaron Rodgers ya gama sakandare manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba, sai ƙaramar kwalejin Butte ya fara shiga kafin Cal ta ɗauke shi, a zaɓen 2005 kuma ya zauna yana kallo har lamba ta 24. Ya zama gwarzon NFL sau huɗu. JaMarcus Russell na LSU da aka ɗauka na ɗaya a 2007 saboda ƙarfin hannu, kaka uku ya yi Oakland ta sallame shi. Ashe su kansu masu auna 'yan wasan lalube suke yi. Jason White ya ɗauki Heisman a 2003 bayan an yi masa aiki a gwiwoyi biyu, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Eric Crouch na Nebraska, mai ta 2001, cewa aka yi ya koma mai cafe ƙwallo. Kai da kake mutumin Golden Eaglets, Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007, bai zama wani tauraro a Turai ba, amma ban taɓa jin ka ce a mayar da kofin ba.

Akwai kuma abin da a lokacin ba mu cika dubawa ba, muna ta ihu. Yaran nan ba a biyansu ko sisi bayan kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Fili cike, gidajen talabijin suna zuba miliyoyi, koci yana kwasar miliyoyi, riga mai lambar yaron tana tashi a kanti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dalilin da ya sa Troy Smith bai fara wasan Texas ɗin nan ba shi ne an dakatar da shi a ƙarshen 2004 don ya karɓi dala 500 daga wani mai goyon bayan ƙungiya. Dala 500! Terrelle Pryor, kwatabak ɗin Ohio State, da abokansa suka sayar da kayan da su aka ba kyauta, aka yi musu ragi a shagon zanen jiki, magana ta girma har ta ci kujerar Tressel a 2011. Bush ya mayar da Heisman ɗinsa a 2010, sai 2024 aka dawo masa da ita. Wani kwatabak ne ma, Sam Keller da ya buga wa Arizona State da Nebraska, ya kai kamfanin EA Sports ƙara a 2009 saboda wasan kwamfutar nan da muke kwana a kai, wanda ke ɗauke da kamannin 'yan wasa da lambobinsu ba tare da an ba su komai ba. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta musu cin kuɗi da sunansu, yanzu kuma yaro ɗan shekara goma sha tara yana sa hannu kan miliyoyi, in bai ji daɗi ba ya tattara ya koma wata jami'a. Ina taya su murna, ko da yake yanzu kafin ka haddace sunan kwatabak ya riga ya tashi. Colt McCoy shekara huɗu ya yi yana jan Texas, ya ci wasa 45, ya kai wasan kofi da Alabama a Janairun 2010, aka buge masa kafaɗa tun a harin farko, ya koma gefe yana kallo aka doke su 37 da 21. Irin wannan dogon zama da wuya a sake gani.

Idan yaron ya gama da Rose Bowl, nuna masa Boise State da Oklahoma na ranar 1 ga Janairun 2007, inda Jared Zabransky ya yi kamar ya jefa, ashe ƙwallon na ɓoye a bayansa, aka tashi 43 da 42. Sai kuma Texas Tech da Texas na Nuwamban 2008, jifan Graham Harrell ga Michael Crabtree saura daƙiƙa ɗaya. Kada ka faɗa masa sakamakon tukuna, na san halinka.

Maganar takardun makarantarsa kuma, ka turo mini sakamakon jarrabawar da zarar ya fito, in duba abin da ya dace kafin a rufe karɓa. Akwai mai tahowa gida wata mai zuwa, zan ba shi maganin Hajiya da ƙwallon da yaron ya roƙa. In ka samu mai dawowa, a sako mini kilishi da yaji, na wancan karon ya ƙare tuni.

Ka gaishe da uwargida da yara, ka miƙa gaisuwata ga Hajiya da 'yan majalisa. Maiɗakina tana gaishe ku.

Wassalam.

Naka,
amininka na Columbus