Karatun famasi ya kamata ya rika fitowa unguwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a bani fili nayi magana akan karatun da ake baiwa yaran da zasu zama masu hada magunguna a jami'o'in kasar nan. Ni dan kasuwa ne a Idi-Araba nan Legas, diyar kanina ce take karanta famasi kuma a hannuna take, to ina ganin littattafan da irin wahalar da take sha. Karatun nan ba wasa bane wallahi. Kafin ma a dauke ka sai kaci bayoloji da kemistiri da fiziks da turanci a JAMB, da maki mai yawa. A da shekara 5 akeyi a fito da digirin B.Pharm, yanzu jami'o'i suna ta komawa PharmD mai shekara 6 wanda jami'ar Benin ce ta fara shi, in ka gama ga horon shekara daya a asibiti ko kamfanin magani, ga bautar kasa, kuma hukumar PCN mai kula da masu hada magunguna sai ta baka lasisi kafin ka tsaya a gaban kanta. A ciki suna koyon yadda ake buga kwaya da hada sirof da ruwan allura, da yadda magani ke tafiya a jiki har hanta da koda su fitar dashi, da ilimin itatuwa da saiwoyi, da gwajin gane jabu.

Wannan bangaren na dakin gwaji ban raina shi ba ko kadan. Duk wanda yake Legas a 2008 ya tuna maganin hakorin jarirai My Pikin da aka samu guba a cikinsa, yara sama da 80 suka rasu. Kuma marigayiya Dora Akunyili da ta rike NAFDAC daga 2001 ta hana 'yan jabu barci, ai famasi ta karanta. To a cigaba da koyar da wannan, a karo kayan aiki ma.

Inda nake da korafi shine wajen magana da mara lafiya. Eh daliban suna zuwa asibiti suna zagayen gadaje da likitoci, amma komai da turanci akeyi, kuma mutanen da suka fi bukatarsu basa zuwa asibitin sai ciwo yaci karfinsu. Ga tsangayar famasi ta jami'ar Legas nan cikin Idi-Araba kusa da asibitin koyarwa na LUTH, ka fito gate kayi 'yar tafiya kadan kana cikin Hausawa tsundum, ga Agege, ga Mile 12, ga Obalende. Dan dako a Mile 12 in jikinsa yayi tsami me yakeyi? Wajen mai talla yake zuwa, wanda ya jera kwayoyi a faranti rana na dukansu tun safe, yace a hada masa na dari biyu. Sai a ballo masa ja daya, fari biyu, kafso daya, a kulle a leda, ya kora da shayi ko ma cikinsa babu komai. A cikin hadin nan sau da yawa akwai masu kashe zafin ciwo iri biyu, irinsu diclofenac da ibuprofen, wadanda in an dade ana shansu haka suke jawo olsa su taba koda, sannan ga antibayotik kwaya daya tal wanda ba zai kashe cutar ba sai dai ya koya mata jure magani. Dalibin da bai taba tsayawa ya ga wannan da idonsa ba, ta yaya zai san tambayar da zaiyi in mutumin yazo masa da aman jini?

Ga maganar azumi ma. Dattijo mai ciwon suga an rubuta masa kwaya safe da yamma, watan Ramadan ya kama, shi dai ba zai ajiye azumi ba, sai ya sha da sahur yadda ya saba, kafin la'asar gumi ya rufe shi yana karkarwa saboda sugan ya fadi kasa. Wasu magungunan irinsu glibenclamide an sansu da wannan. Gyaran ba wani abu bane mai wuya, a zauna dashi kafin azumi a sake masa lokaci da adadi tare da likitansa, a fada masa alamun da in ya gani dole ya karya. Amma sai in mai bada maganin ya san ya tambaya, kuma da harshen da Baba zai gane. "Sau uku a rana" kadai in baka warware ba, wani da asuba da azahar da la'asar zai shanye abinsa.

Haka maganin gargajiya. Mutanenmu suna hada na asibiti da jiko da sassake kuma basa fada, don sun san za'a harare su. Alhali karatun da kansa ya yarda akwai magani a itace, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD dake Abuja ai daga hadin gargajiya ta fitar da Niprisan na masu sikila, akwai kanumfari da masoro a ciki. Kamata yayi a koyawa dalibi yadda zai tambayi mutum me kake sha a gida ba tare da ya kunyata shi ba.

Rokona ga hukumar kula da jami'o'i NUC da PCN da shugabannin tsangayoyi: a sa zangon karatu guda na dole wanda dalibi zai zauna a unguwa, a famasin cikin gari da kananan asibitocin gwamnati, ya shiga kasuwa ya ga masu kemis da 'yan talla, kuma a bashi maki akan yadda ya yiwa mutum bayani, da Yarbanci ko Hausa ko burokin. Wanda baya jin yaren ya koyi ko jimla talatin ce ta aikinsa. Tun 2018 gwamnati ta hana sirof mai kodin, amma har yau tiramol na yawo a hannun samarinmu masu acaba da dako, kuma mai famasin da suka saba dashi zasu fi saurara akan dan sanda.

Mu kuma iyaye Hausawan Legas, mu daina cire yaro daga makaranta da ya gama firamare a tura shi shago. Sarakunan Hausawa da kungiyoyin kasuwa da kwamitocin masallatai zasu iya daukar nauyin yaro ko yarinya daya-daya duk shekara, tun daga lesin din kimiyya a sakandare har kudin fom da littattafai. Matanmu da yawa akwai ciwon da ba zasu iya fadawa namiji bako ba, to 'ya'ya mata musamman a basu dama su shiga.

Nagode Malam Edita, Allah ya kara daukaka.

Naku,
Wani mai karatunku daga Idi-Araba, Legas