Amsa Ga Mai Tambaya: Wa Ya Ƙirƙiro Wasan Besbol?

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ji tambayar da ka aiko mini ta shirin wasanni na rediyo: wai da gaske ne wani janar ɗin sojan Amurka, Abner Doubleday, shi ya ƙirƙiro besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda a ruga a zagaya fili, a garin Cooperstown a 1839? A'a, ba haka ba ne. A shekarar ma yana makarantar horon hafsoshi ta West Point. Wani kwamiti ne ya jingina masa abin a 1907 ba da wata ƙwaƙƙwarar hujja ba. Labarin yana ci mini rai, don ya kwashe gumin jama'a da yawa ya miƙa wa mutum ɗaya.

Wasan ya girmi janar ɗin. Tun 1791 hukumar garin Pittsfield ta hana buga shi kusa da zauren taronta, gudun a fasa gilasan tagogi. Waɗanda suka gyara shi ya zauna da gindinsa kuwa kulob-kulob ne na unguwanni. Akawuna da 'yan kasuwa da likitocin New York suka kafa kulob ɗin Knickerbocker a 1845. In sun tashi daga aiki sai su shiga jirgin fito su haye kogin Hudson zuwa Hoboken, inda akwai fili. Dokokinsu sun hana jifan mai gudu da ƙwallo don a fitar da shi, abin da a da ake yi har a ji wa mutum ciwo. Ranar 19 ga Yuni 1846 wani kulob na New York ya lallasa su 23 da 1.

Yadda suke karawa shi ya fi burge ni. Sakataren kulob zai rubuta wasiƙar neman wasa, a amsa masa a rubuce. Ba mai karɓar albashi, 'yan wasa ne ma ke biyan kuɗin ƙungiya, wanda ya yi ashar ko ya yi gardama da alƙali a ci shi tara. Bayan an tashi, waɗanda aka ci su miƙa ƙwallon ga masu nasara, a rubuta sakamakon a jikinsa a ajiye, masu masauki kuma su shirya wa baƙi liyafa. Ba masu hali kaɗai ba ne: ƙungiyar Eckford ta Brooklyn ta maƙeran jiragen ruwa ce, Mutual kuma 'yan kwana-kwana suka kafa ta.

A 1857 kulob 16 suka yi taro a New York, Dakta Daniel Adams na shugabanta. Suka daina tsarin wanda ya riga kai maki 21, suka tsayar da zagaye 9. Kuɗi bai daɗe bai shigo ba: a 1858 aka karɓi kuɗin shiga kallo a ƙofa, a 1869 ƙungiyar Cincinnati ta fito fili tana biyan dukkan 'yan wasanta.

Kada in ɓoye maka tabon da ke cikin tarihin. A 1867 ƙungiyar kulob-kulob ɗin ta ƙasa ta yanke cewa ba za ta karɓi kulob mai baƙar fata ko da ɗaya a cikinsa ba, alhali irin su Pythian, ƙungiyar baƙaƙen fata ta Philadelphia, wadda Octavius Catto ke jagoranta, suna buga wasan da irin dokokin nan.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka