Zuwa Ga Magajin Garinmu: A Ba Kada Ruwa Kafin A Kawo Zaki

Mai girma Magajin Gari, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ranka ya daɗe, labari ya karaɗe gari cewa majalisarka na shirin kawo zaki lambun namun dajin da ke bayan tasha. Ni malamin firamare ne, kuma makon jiya na kai 'yan ajina wurin. Abin da muka tarar shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwamin kada ya ƙafe. Ɗan caɓin da ya rage a gindinsa ya yi kore yana wari, kadan na kwance a kai, baki buɗe, fatar bayansa ta yi furu-furu. A wannan bazara da zafi ke haura digiri 40, kura na zagaye a kan siminti, ba inuwa sai ta kwanon rufi. Birai kuwa hannu suke miƙo wa yara ta tsakanin ƙarafa, ba don gyaɗa ba, ledar ruwan da ke hannunsu suke so. Tsohon da ke gadin wurin ya ce da kuɗin aljihunsa yake sayen jarka biyu wajen 'yan garuwa. Wata yarinya ta tambaye ni, "Malam, laifin me suka yi aka kulle su?" Wallahi na rasa amsa.

Ka tuna lokacin yaƙin neman zaɓen 2020? A bakin ƙofar lambun nan ka tsaya ka ce za a haƙa rijiyar burtsatse, a dasa bishiyoyin inuwa. Ina wurin, har tafi na yi. Shekaru sun wuce, ko rami ba a tona ba. Wanda ya kasa shayar da kada ɗaya, da me zai riƙe zakin da ke buƙatar nama kullum?

Na san abin da ke jan hankalin masu mulki ga zaki, don al'adar ta tsufa. Muhammad Ali Pasha na Masar ya aika wa Sarkin Faransa kyautar raƙumar dawa da aka kamo a Sudan. Ta sauka Marsiliya a 1826, a shekarar da ta biyo aka taka da ita a ƙafa har Paris, jama'a na tururuwa a hanya. Neman suna ne da sada zumuncin sarakuna, ba a yi don dabbar ba. Duk da haka an haɗa ta da shanu masu ba ta madara da masu kula da ita, ta rayu har 1845. Su ma masu nuna isa sun san cewa wanda ya ɗauko dabba daga dajinta, cinta da shanta sun hau wuyansa.

Kuma duniya ta bar nan tuni. Tun 1907 Carl Hagenbeck ya buɗe gidan namun daji a Hambag ta Jamus inda ya kawar da keji, ya raba dabba da 'yan kallo da rami mai faɗi. Yau gidajen kirki hujjarsu ita ce ceton irin dabbobin da ke shirin ƙarewa. Dubi maƙwabtanmu Cadi. An ayyana cewa mariri, wani naman daji mai dogayen ƙahoni, ya ƙare a daji a shekarar 2000, sai waɗanda ke tsare. Daga garken da aka riƙa da kyau a Abu Dabi aka fara mayar da su dajin Wadi Rime a 2016, yanzu suna haihuwa a can. Mu kuwa a arewacin Kamaru baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta yi zamanta na ƙarshe, a 2011 aka ce babu ita a duniya. Wannan rashin ya isa ya sa mu ji kunyar wulaƙanta abin da ya rage.

Na san za a ce mutane ma na fama da ruwa a unguwanni. Gaskiya ne, gidana ma saye muke yi. Amma mu muna da ƙafa da baki, kada ba shi da inda zai je. Mu yaran Musulmi ne, mun taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ina ji maka tsoron wannan hisabi, ina kuma ji wa kaina, tunda na gani.

Batun kuɗin shiga da ba a ba da rasit, da shingen da ya karye ta gabas, na bar su sai wani jiƙon.

Don Allah, ranka ya daɗe, a ajiye zancen zaki. A tura tankar ruwa cikin makon nan, a fara haƙa rijiyar kafin damina. Makarantar koyon kula da namun daji tana nan Garwa tun 1970, a gayyato masananta su duba dabbobin. In sun ce ba za mu iya riƙe su ba, a miƙa su ga wanda zai iya. Ranar Asabar mai zuwa zan koma lambun da jarka biyu a kan babur, kuma zan so in tarar tankarka ta riga ni.

Naka,
Wani malamin firamare, mazaunin gari