Damina Ta Sauya Hali a Maradi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in bayyana damuwata kan yadda damina ta daina bin lokacin da iyayenmu suka sani. Manomi yakan shuka hatsi da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke har tsiro ya ƙone, ya koma neman iri bashi. In kuma ya dawo, yakan zo da ƙarfin da ke rushe gidajen laka, kamar yadda muka gani a daminar 2024. Ina kira ga hukumomi su yashe magudanan birni kafin watan Yuni, su kuma tallafa wa manoman da ke barin gawo ya girma a gonakinsu, domin ganyensa taki ne.

Wani mai karatu, daga Maradi.