Sanarwa: abin da tanki mai lamba 610 na Bhopal ke koya wa mai bincike

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga tunatarwa ga masu zuwa binciken haɗarin sinadarai.

A daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga tanki 610 a masana'antar Union Carbide da ke Bhopal, Indiya, mai ɗauke da kusan tan 40 na methyl isocyanate, wani sinadari mai guba. Wannan sinadari idan ya haɗu da ruwa zafi yake haifarwa, zafin kuma ya ƙara hura shi, har matsi ya fi ƙarfin bawul (makunnin da ke buɗe ko rufe bututu), iska mai guba ta fita ta bazu cikin gari. Na'urar sanyaya tankin a kashe take tun watanni, bututun ƙona iskar kuma an cire shi don gyara. Masu bincike sun gano shigar ruwan ne daga ragowar da ta daskare a gindin tankin, don haka in kun isa wuri kada ku bari a wanke komai. Ku ɗauki hoton kowane bawul yadda kuka same shi, ku karɓi littafin aiki, ku tambayi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tun kafin labarinsu ya zama iri ɗaya.

Abin takaicin shi ne gargaɗi. Jiniyar masana'antar mai faɗakar da gari ta yi ƙara, aka kashe ta nan da nan. Mazauna unguwa ba su san cewa jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska yana rage illa ba, likitoci ma ba su san wace iska suke fama da ita ba.

Duk gangar sinadari ku duba alamar haɗarinta mai jan kewaye, sannan ku buɗe takardar bayanan tsaro: sashe na 4 taimakon gaggawa, na 10 abin da ba a haɗa sinadarin da shi.