Wasiƙa daga Akra zuwa Damagaram kan rasuwar Kawu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Inna, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da dukan mutanen gida. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa.

Daren Laraba Yaya ya kira ni ya sanar da ni, ina tsaka da lissafin buhunan albasar Galmi da aka sauke mana a kasuwar Adjen Kotoku, inda hukuma ta mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie tun 2021. Na so in kamo hanya washegari, amma kin san iyakar Gaya da Malanbil, tsakanin Nijar da Benin, a rufe take tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023, hanyar Burkina Faso kuwa ba ta da tsaro, saboda haka dattawanmu na nan suka hana ni. Ranar Juma'a 'yan Damagaram mazauna unguwar Nima suka taru a ɗakina, aka yi masa addu'a.

Inna, ke kika yi rashin ƙane, amma unguwar Birni gaba ɗaya ta yi rashin mai share mata hawaye. Ban taɓa ganin Kawu ya fita ba tare da tsohuwar jakar nan tasa ta fata ba, wadda guduma da filaya da zarto da gwangwanin ƙusoshi suke ciki. Idan ƙofa ta ɓalle shi ake kira, idan rediyo ta yi shiru shi ake kai wa, kuma 'yan ga-ruwa, waɗanda garinmu mai ƙarancin ruwa ba ya iya yini ba tare da su ba, a ƙofar gidansa suke jera kurarsu idan taya ta lalace. In an miƙa masa kuɗi sai ya ɓata rai, ya ce a saya wa yara ƙosai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaɓen soronmu kafin kowace damina. Yakan zo da sassafe, ya naɗe ƙafar wando, ya sa ni in jiƙa makuba yayin da shi yake kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, sannan ya hau sama ya bi indararo ɗaya bayan ɗaya yana cusa hannu don ya tabbatar babu abin da ya toshe. A ganina wannan kulawar ce ta sa ɗakinki ya tsaya a daminar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa, har da tsohon masallacin Birni a watan Satumba. Da muka yi waya a lokacin, muryarsa na rawa yake ba ni labarin masallacin.

Duk da hidimar mutane, bai taɓa barin iyalinsa a baya ba. Shi yake raka ƙananan yaransa makarantar allo, kuma ba ya cin tuwon dare sai ya ga kowane yaro ya zauna a tabarma.

Akwai wata magana da nake so ki isar kafin a yi rabon gado. Ranar da zan baro gida, Kawu ya karɓi jakata ya ɗinke hannunta da ya tsinke, kuma sai da na isa Yamai na tarar da jaka 30 ta sefa a ƙulle cikin aljihunta. Sau biyu na yi masa zancen biya yana kawar da maganar, amma tun da bai taɓa furta cewa ya yafe ba, ni a wurina haƙƙin marayunsa ne. Zan aiko da kuɗin ta hannun Yaya ƙarshen wata, tare da ɗan abin da za a saya wa matarsa hatsi har ta fita takaba bayan wata 4 da kwana 10.

Ina kuma roƙon kada a sayar da jakar kayan aikinsa. A ajiye wa babban ɗansa, domin na sha ganin yadda yaron yake riƙe masa ƙusa ba tare da tsoron guduma ba.

Ki gaishe da Gwaggo da Yaya da sauran yara, ki kuma ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanki, daga Akra.